An ce 'yata ba ta buƙatar ilimi na musamman, amma kullum a bayana nake hawa bene da ita

Assalamu alaikum. Ina da 'ya mai shekara tara. Tun haihuwa ƙafafunta ba sa ɗaukarta, hannunta na dama ma ba shi da ƙarfi sosai, don haka a keken guragu take zirga-zirga. Kanta kuwa ras yake, tana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Shekara uku tana karatu a makarantar gwamnati ba wata babbar matsala, sai bana da suka shiga aji huɗu aka mayar da su saman bene. Kullum da safe ni nake goya ta in hau da ita, in sauko in ɗauki keken, in an tashi in koma in sauko da ita. Keken ba ya shiga ƙofar banɗakin makarantar, har ta daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya matsa mata. A jarrabawar zangon da ya wuce ba ta gama ko takarda ɗaya ba, saboda rubutu yana yi mata nauyi.

Na sami shugaban makarantar. Ya ce kwamitin tantancewa ya duba ta, ya ga karatunta daidai yake, saboda haka ba ta cikin yaran da tsarin ilimi na musamman ya tanadar wa taimako. Ya ce in ina son a kula da ita daban, akwai makarantar masu nakasa, in kai ta can. Makarantar tana da nisa ƙwarai, sai dai ta riƙa kwana. Maigidana ya ce in bar maganar, kada a tsani yarinyar. Ni kuma ina jin ana cewa akwai dokar kare haƙƙin masu nakasa. To in doka ta ba ta haƙƙi, yaya za a ce tsari bai san da zamanta ba? In kai ta waccan makarantar ne, ko in tsaya?

Uwa mai neman mafita

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da ɗawainiya, Allah ya raya miki ita, ya sa ki ci moriyarta.

Kafin mu shiga maganar doka, batun ruwan nan ne ya fi tsaya mini a rai. Yarinya 'yar shekara tara ta yi lissafi ita kaɗai, ta gano cewa ƙishirwa ta fi mata sauƙi a kan ta nemi a ɗauke ta zuwa banɗaki a gaban ƙawayenta. Riƙe fitsari na sa'o'i da ƙarancin ruwa a jiki suna jawo ciwon mafitsara da na ƙoda, kuma yaran da ke wuni a zaune a keke sun fi saurin kamuwa. Wannan ba zai jira kwamiti ko wasiƙa ba. Gobe-goben nan ki sami malamar ajinsu, ku tsayar da mace babba guda ɗaya da za ta riƙa raka ta a lokaci sananne, cikin sirri, kuma ki gaya wa yarinyar da bakinki cewa ta sha ruwanta, an riga an shirya.

Shugaban makarantar ya ba ki amsar tambayar da ba ki yi masa ba. Kin tambaye shi yadda 'yarki za ta isa ajinsu, ta shiga banɗaki, ta rubuta jarrabawa kamar kowa. Shi kuma ya amsa miki cewa ba ta buƙatar a koyar da ita ta wata hanya dabam. Mai yiwuwa gaskiyarsa ne a kan wannan, amma abubuwa biyu ne, kuma kowanne da tushensa.

Tsarin ilimi na musamman shiri ne na gwamnati don yaran da ke buƙatar a sauya musu salon koyarwa ko abin da ake koyarwa: yaron da ba ya gani sai an koya masa rubutun Braille, kurma da ke buƙatar maganar hannu, yaron da fahimtarsa ke tafiya a hankali. Da yake shirin yana cin kuɗi da ƙwararrun malamai, dole yana da kwamiti, da ma'auni, da jerin waɗanda suka cancanta. Dokar haƙƙin masu nakasa kuwa ba ta fara da tambayar ko yaro ya cancanci shiga wani jeri ba. Abin da take tambaya shi ne: an hana wannan mutum abin da ake ba kowa saboda nakasarsa? In an hana shi, an nuna masa wariya, ko yana cin na ɗaya a aji ko yana cin na ƙarshe. 'Yarki tana iya kasancewa a wajen tsarin nan baki ɗaya, amma ba ta taɓa fita daga inuwar dokar ba. Kuma in tsari da doka suka yi karo, doka ce a sama, domin tsari takarda ce da ma'aikata suka rubuta don aiwatar da doka.

Babbar madogara a duniya ita ce Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Nakasa, wadda aka amince da ita a watan Disamba na 2006, ta fara aiki a watan Mayu na 2008, kuma ƙasashe sama da 180 suka karɓe ta. Sashe na 24 ya ce kada a fitar da yaro daga makarantar da kowa ke zuwa saboda nakasa, kuma a yi masa gyara daidai gwargwado bisa buƙatarsa. Sashe na 2 ya ƙara da cewa ƙin yin wannan gyaran shi kansa wariya ne. Ki riƙe wannan da kyau, domin mutane da yawa suna zaton wariya ita ce a kori yaro ko a zage shi. A fahimtar yarjejeniyar, a bar ƙofar makaranta a buɗe amma a ɗora ajin a inda keke ba ya zuwa, alhali ana iya sauko da shi, wannan ma wariya ce.

A 2016 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fitar da sharhi na huɗu, inda ya fayyace sashen ilimi. Ya yarda cewa ƙasa ba za ta gyara dukan gine-ginenta ta horar da dukan malamanta a dare ɗaya ba, wannan aiki ne da ake yi sannu a hankali gwargwadon hali. Amma ya ware gyaran da ake yi wa yaro guda, ya ce wannan na yanzu-yanzu ne, ba ya jiran kasafin baɗi. A cikin misalan da ya kawo har da sauya wurin da aji yake, da ƙarin lokaci, da samar da mai rubuta wa ɗalibi, da barinsa ya yi amfani da na'ura a darasi da jarrabawa. Kin ga kusan duk abin da 'yarki ke nema yana nan a rubuce.

Sai dai kada in ba ki makami in ɓoye miki iyakarsa. A ƙasashe da yawa ba a zuwa kotu da yarjejeniya kai tsaye, sai majalisar ƙasa ta mayar da ita doka. Shi ya sa dokar cikin gida ita ce za ki nema ki karanta. Birtaniya tana da dokar daidaito ta 2010, Indiya ta yi tata a 2016, Najeriya ta sa hannu a kan dokar hana wariya ga masu nakasa a watan Janairu na 2019, kuma kowacce tana da sashen da ya shafi makarantu. Sannan kalmar "daidai gwargwado" tana da nauyinta: makaranta tana iya cewa wani gyaran ya fi ƙarfinta. In kin ce a kafa na'urar hawa bene cikin mako guda, za su sami hujjar ƙi. In kin ce a yi musanyar ɗaki, aji huɗu ya sauko ƙasa wani ajin ya hau sama, me za su ce ya fi ƙarfinsu? Allo ne da kujeru, kuma akwai su a ɗakunan biyu.

Inda aka fi ganin bambancin doka da tsari ƙarara shi ne Amurka, domin can kowanne da dokarsa daban, kuma an yi ta shari'a a kansu shekara da shekaru. Kafin 1975 yara masu nakasa fiye da miliyan ɗaya ba sa shiga makarantun gwamnati kwata-kwata, a ƙididdigar majalisar ƙasar da kanta. A 1971 iyayen wasu yara bakwai suka kai hukumar ilimi ta birnin Washington ƙara, hukumar ta ce ba ta da kuɗi. A 1972 Alƙali Joseph Waddy ya yanke cewa in kuɗi bai isa ba, to a raba ɗan abin da ake da shi bisa adalci, kada ƙarancin ya faɗa a kan yaro mai nakasa fiye da sauran yara. Shekara guda bayan haka aka yi Sashe na 504 na wata dokar tarayya, wanda ya haramta wariya saboda nakasa a duk wurin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Shi ma bai fara aiki sosai ba sai a 1977, bayan masu nakasa, ciki har da Judith Heumann, sun yi zaman dirshan na kusan wata guda a wani ofishin gwamnati a San Francisco. A 1975 kuma aka yi dokar ilimi na musamman, wadda tun 1990 ake kira IDEA, ita ce mai jerin nau'o'in nakasa da kwamiti da rubutaccen shiri na kowane yaro.

A can, yarinya kamar taki, mai keke amma karatunta lafiya, sau da yawa ba ta shiga ƙarƙashin IDEA, domin ba ta buƙatar koyarwa ta dabam. Amma ba a cewa ta tafi gida. Ana rubuta mata shiri a ƙarƙashin Sashe na 504, a zayyana ajin ƙasa, da banɗaki, da ƙarin lokacin jarrabawa. Wato sun san cewa fitar yaro daga ma'aunin ilimi na musamman ba ya sauke wa makaranta nauyinsa.

Akwai wata shari'a ta 2017 da nake so ki ɗauki abu guda daga cikinta. Wata yarinya ce a jihar Michigan mai larurar shanyewar gaɓoɓi tun haihuwa, tana da kare da aka horar yana taimaka mata, makaranta ta hana ta zuwa da shi, ta ce ai shirin ilimi na musamman ya riga ya ba ta mataimaki. Da magana ta kai Kotun Ƙoli, mai shari'a Elena Kagan ta kawo tambayoyi biyu don rarrabe ƙorafin da ya shafi koyarwa da wanda ya shafi wariya. Ta farko: da a wani wurin jama'a abin ya faru, kamar ɗakin karatu ko gidan kallo, yaron zai iya yin wannan ƙorafin? Ta biyu: da babban mutum ne a makarantar, malami ko baƙo, zai iya yin irinsa? In amsar e ce, to magana ce ta wariya, ba ta tsarin koyarwa ba. Hukuncin na Amurka ne, amma tambayoyin suna aiki a ko'ina. Ki gwada su a kan 'yarki. Da malama ce mai keke aka ba ta aji a saman bene, aka ce mijinta ya riƙa goya ta, za a ce sai kwamitin ilimi na musamman ya tantance ta tukuna? Da a asibiti ne keke ba ya shiga banɗaki, za a tambayi sakamakon jarrabawarta? Bene da banɗaki ba su da alaƙa da ko ta iya lissafi.

Batun rubutu ne kawai yake tsakiya. Ƙarin lokaci, ko kwamfuta, ko mai rubuta mata abin da ta faɗa, duk gyara ne da doka ke nema. Amma hannun da ba shi da ƙarfi yana iya buƙatar ƙwararre da zai riƙa horar da shi, wannan kuwa a yawancin wurare ta hanyar tsarin ilimi na musamman ake samunsa. Don haka kada ki saki wannan ɓangaren ma. Ki nemi kwafin rahoton kwamitin a rubuce. Ki duba ko an taɓa zaunar da ita an ga yadda take riƙe alƙalami da tsawon lokacin da shafi ɗaya ke ɗaukarta, ko kuwa makinta na bara kawai aka kalla. Yarinyar da ba ta gama ko takarda ɗaya ba a zangon da ya wuce, ba za a ce nakasarta ba ta taɓa karatunta ba. Wannan sabuwar hujja ce, kuma ta isa ki nemi a sake tantancewa.

Yanzu abin yi. Ki bar maganar baki, ki koma takarda. Shugaban makaranta yana iya manta abin da kuka yi a tsaye a baranda, amma wasiƙa mai kwanan wata sai ya sa ta a fayil, kuma ya san wata rana na sama da shi zai iya tambayarsa ita. Kada ta wuce shafi ɗaya. Ki faɗi halin da yarinyar take ciki a jimla biyu ko uku, sannan ki rubuta abin da kike nema ɗaya bayan ɗaya: a sauko da ajin ƙasa, a faɗaɗa ƙofar banɗaki guda ko a ba ta damar amfani da wanda keke ke shiga ko da na malamai ne, a ba ta ƙarin lokaci da wata hanyar ba da amsa a jarrabawa. Ki ambaci dokar ƙasarku da sunanta da shekararta. Kada kalmar "ilimi na musamman" ta fito a wannan wasiƙar ko sau ɗaya, don kada a sake mayar da ke wurin kwamiti. Neman sake tantancewa ki yi shi a takarda ta daban. Ki roƙi amsa a rubuce cikin mako biyu, ki sa a buga miki hatimin karɓa a kan kwafinki. In ya ce tsari ya hana, ki ce cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, a nuna mini sakin layin da ya hana." Da wuya ki ga tsarin da ya ce kada a sauko da aji ƙasa.

Ki shiga wurinsa da zaton alheri. Shugabannin makarantu da yawa ba mugunta ke sa su faɗi irin abin da ya faɗa miki ba. An horar da su cewa duk abin da ya shafi nakasa na sashen ilimi na musamman ne, don haka in sashen ya ce babu, sai su ɗauka an gama magana. In kin zo masa da mafita a hannu, kin ma riga kin duba wane aji ne a ƙasa da zai iya hawa sama, kin sauƙaƙa masa cewa to. In mako biyu suka wuce shiru, ko ya ƙi, sai ki kai kwafin ga hukumar ilimi da ke kula da makarantar, daga nan hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ko ta masu nakasa. Tun kafin ki kai nan ki nemi ƙungiyar masu nakasa mafi kusa da ke. Sun san dokar ciki da waje, sun san ofishin da ke amsa wasiƙa da wanda ke binne ta, kuma shugaban makaranta yakan sauya murya in ya ga ba ke kaɗai ba ce.

Game da waccan makarantar, ba zan ce miki makarantun masu nakasa ba su da amfani ba. Kurame da yawa sun fi samun kansu a inda malamai da ɗalibai duka suke maganar hannu, kuma Sashe na 24 na yarjejeniyar da kansa ya ce a koyar da kurame da makafi da harshe da hanyar da suka fi dacewa da su. Birtaniya ma da ta karɓi yarjejeniyar a 2009 sai da ta gindaya sharaɗin ci gaba da riƙe irin waɗannan makarantu. Amma tun taron Salamanca na ƙasar Sifaniya a 1994, inda gwamnatoci 92 suka hallara, alƙiblar duniya ita ce makarantar kowa ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro, ware yaro ya zama sai da dalilin da ya shafi amfaninsa shi. To mene ne dalilin a nan? 'Yarki tana ji, tana gani, tana fahimtar darasi, tana da ƙawayen shekara uku. Abin da za ta samu a can shi ne ɗaki a ƙasa da ƙofa mai faɗi, kuma kuɗin da za ta biya shi ne ta rabu da uwarta tana 'yar shekara tara. A ganina wannan ciniki bai yi ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki je ki ga makarantar da idonki, ki tambaya ko manhajarsu ɗaya da ta sauran makarantu, ko ɗalibansu suna zana jarrabawar ƙasa, ko wa ke kula da 'yan mata da dare. Sannan ki tambayi yarinyar. Sashe na 7 na yarjejeniyar ya ce a ji ra'ayin yaro mai nakasa a kan abin da ya shafe shi, kuma wadda ta iya shirya wa kanta dabarar ƙin shan ruwa ta isa a tambaye ta inda take son ta yi karatu.

Maigidanki kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Tsoronsa na kan hanya, akwai malaman da ke huce haushin iyaye a kan yara. Amma ki zaunar da shi ki nuna masa cewa shirun ma yana da nasa haɗarin. Yarinyar girma take yi, nauyinta ƙaruwa yake yi, nan da shekara biyu ko uku ba za ki iya hawa bene da ita ba, ita ma ba za ta yarda a goya ta a gaban samarin ajinsu ba. Kuskuren taku ɗaya a kan matakala ya isa ya kwantar da ku biyun. Ranar da kika yi zazzaɓi fa, ko kika yi tafiya? Ki roƙe shi ya kai ta makaranta da kansa sau ɗaya, ya goya ta ya hau, ya sauko ya ɗauki keken. Bayan nan ki ba shi wasiƙar ya karanta, ya ga babu zagi ko barazana a ciki, ku sa hannu tare. In ana ganin sa hannun uba da uwa a takarda ɗaya, ba a cika cewa rigimar mace ce ba.

Ki fara ajiye littafi tun yau. Duk ranar da ta makara saboda bene, duk darasin da ya wuce ta, duk wanda kika yi magana da shi da abin da ya ce, ki rubuta da kwanan wata. Ki karɓo takardun jarrabawar da ba ta gama ba ki adana, domin suna nuna inda alƙalaminta ya tsaya alhali amsoshin da ta kai gare su daidai ne. Ki sami takardar likita da ke bayyana halin hannunta da buƙatarta ta shan ruwa da zuwa banɗaki a kan lokaci. In an yi mata wani abu na ramuwa bayan wasiƙar, shi ma ki rubuta, ki sanar da hukumar ilimi nan take.

Ki rubuto mini bayan mako biyun, ki faɗa mini amsar da ya bayar, mu ga mataki na gaba. Ki gaishe mini da ita da kyau.